Thibodeau, Thibodeaux, Thibodaux: daga ina wannan suna ya fito, kuma me ya kai shi Amurka?

Ɗalibar Faransanci ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Akwai wani suna da ya daɗe yana ɗaure mini kai, shi ya sa na kawo shi gabanku. Na fara ganinsa a jikin Tom Thibodeau, mai horar da 'yan ƙwallon kwando a Amurka, daga baya na ga wani ɗan wasa mai suna Kayvon Thibodeaux, wanda nasa ke da harafin x a ƙarshe, sannan ina duba taswirar jihar Luwiziyana sai na ci karo da wani gari mai suna Thibodaux, wanda shi kuma babu harafin e a cikinsa. Daga ganin sunan na san Bafaranshe ne, domin ƙarshensa irin na kalmomin da muke karantawa ne a aji, kamar bateau da château. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da na tambayi wata Bafaranshiya da muke musayar wasiƙu da ita, sai ta ce ta san mutane da yawa masu suna Thibault da Thibaud, amma ba ta taɓa haɗuwa da wani Thibodeau ba a duk zamanta a ƙasarsu.

Tambayoyina guda uku ne. Mece ce ma'anar sunan, kuma daga wane yanki na Faransa ya fito? Yaya aka yi ya yi ƙaranci a gida, alhali ya yawaita a Kanada da Amurka? Waɗannan rubuce-rubuce uku kuma, suna ɗaya ne aka sāɓa wajen rubuta shi, ko kuwa dangi ne daban-daban da sunayensu suka yi kama kawai?

Tsohon Malamin Harshe ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Zan ɗauki tambayar farko, domin ita ce ta faɗo a fagena, sauran kuma in bar wa masana tarihi.

Sunan Bafaranshe ne a siffarsa, amma saiwarsa ba daga Latin take ba, daga harsunan Jamusawan dā take. Lokacin da ƙabilar Frank ta mamaye ƙasar Gaul, wato Faransa ta yau, bayan rushewar daular Rum ta yamma, ta zo da sunayenta, kuma mutanen ƙasa suka rungume su har suka rinjayi na Latin a wajen raɗa wa yara. Ɗaya daga cikinsu shi ne Theudebald, wanda ya ƙunshi kalmomi biyu: theud, wato jama'a, da bald, wato jarumi ko mai ƙarfin hali. Wani sarkin Frank da ya yi mulki daga 548 zuwa 555 ya amsa wannan suna. Da tafiya ta yi nisa bakin mutane ya goge shi, sautin l da ke gaban baƙi ya narke ya zama wasali kamar yadda ya faru ga kalmomin Faransanci masu yawa, sai bald ya koma baud, sunan gaba ɗaya ya zama Thibaud ko Thibaut. Harafin l da kike gani a Thibault ba a furta shi. Marubuta ne suka mayar da shi daga baya don tunawa da asali, kamar yadda suka yi a Renault. Sunan ya samu karɓuwa ƙwarai a tsakiyar zamani saboda sarakunan yankin Champagne da suka yi ta maimaita shi, cikinsu har da Thibaut na huɗu, mawaƙin da ya zama sarkin Navarre a 1234, da kuma wani waliyyin Kirista, Thibaut na garin Provins, wanda ya rasu a 1066. 'Yan'uwansa a wasu harsuna su ne Theobald a Ingila, Tebaldo a Italiya, da Diebold a yankin Alsace.

Har zuwa nan sunan yanka ne kawai. Tsakanin ƙarni na 11 da na 14 ne mutanen Faransa suka fara gadar laƙabi daga uba zuwa ɗa, saboda jama'a ta ƙaru, sunayen yanka kuma kaɗan ne ake ta juyawa. Wani aka kira shi da sana'arsa, wani da wurin zamansa, wani da wata siffa ta jikinsa, da yawa kuma da sunan ubansu. A nan ne ɗafa-ƙeya ta shigo. Idan ana so a ce ƙaramin Thibaud, ko ɗan gidan Thibaud, sai a liƙa wa sunan wata 'yar gaɓa a ƙarshe, kuma kowane yanki da irin tasa: shi ya sa ake samun Thibaudet da Thibaudin da Thibaudat. Ita -eau tambarin yammacin Faransa ce, yankunan Poitou da Vendée da Anjou da Charente, inda sunaye irin su Moreau da Martineau da Clemenceau suka yi katutu. Saboda haka siffar sunan ta asali ita ce Thibaudeau, kuma da wannan rubutu har yau akwai shi a yammacin ƙasar; Antoine-Claire Thibaudeau, ɗan majalisar zamanin juyin juya hali, haifaffen garin Poitiers ne a 1765.

Abokiyarki ba ta yi kuskure ba. A Faransanci au da o sauti ɗaya ne a kunne, don haka Thibaudeau da Thibodeau duk Tibodo ake furta su. Amma rubutun da ke da o shi ne wanda ya yi ƙaranci a Faransa, kuma shi ne ya yi rassa a ƙetaren teku.

Mai Bin Diddigi ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Bari in ɗora daga inda ya tsaya, domin amsar tambaya ta biyu ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya.

Sunansa Pierre Thibodeau. An haife shi wajen 1631, ana danganta shi da yankin Poitou, kuma ya isa Akadiya wajen 1654. Akadiya ita ce ƙasar da Faransawa suka kafa a gaɓar gabashin Kanada ta yau, a wuraren da yanzu ake kira Nova Scotia da New Brunswick da tsibirin Prince Edward, hedikwatarta kuwa Port-Royal. Ya auri Jeanne Thériot wajen 1660, ya kafa injin niƙa mai aiki da ƙarfin ruwa a wani wuri da ake kira Prée-Ronde, a bakin kogin da ya ratsa Port-Royal, suka haifi 'ya'ya 16, har biyu daga cikin mazan sunansu Pierre, babba da ƙarami, abin da ya sha rikita masu bin salsala. A 1698, yana dab da shekara saba'in, ya ɗebi wasu daga cikin 'ya'yansa suka je suka sari sabon wuri a Chipoudy, wanda yau ake rubutawa Shepody a New Brunswick. Ya rasu a ƙarshen 1704.

Abin lura shi ne yawan mutanen da ya tarar. Ƙidayar 1671, wadda sunansa da na matarsa ke ciki, ta nuna cewa duk Turawan Akadiya ba su wuce kimanin mutum 400 ba. A cikin al'umma ƙarama haka, wadda ba ta samun baƙi da yawa daga Faransa, take aurar da 'ya'yanta da wuri, take kuma da abinci isasshe daga fadamun da ta ƙwato daga teku ta hanyar gina madatsu, duk mutumin da ya bar 'ya'ya maza da yawa to sunansa zai ninku a kowane zamani. A Faransa Thibaudeau suna ne ɗaya a cikin dubban ɗaruruwa, babu abin da zai sa ya yi fice. A Akadiya kuwa ɗaya ne daga cikin 'yan gomomin sunaye da suka haifi al'umma sukutum, tare da LeBlanc da Landry da Hébert da Boudrot da Broussard.

Abin da ya warwatsa shi kuwa masifa ce. Yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta miƙa yankin ga Birtaniya. Mutanen Akadiya suka ƙi yin rantsuwar biyayya wadda za ta tilasta musu ɗaukar makami a kan Faransa, aka yi ta jan zare shekara arba'in, har a 1755 muƙaddashin gwamna Charles Lawrence da majalisarsa suka yanke shawarar kwashe su. Daga wannan shekara zuwa 1764 an loda fiye da mutum 10,000 a jiragen ruwa, aka ƙone gidaje da coci-coci, har da ƙauyen Chipoudy da tsohon ya kafa, aka rarraba mutane a yankunan Birtaniya na gaɓar Amurka tun daga Massachusetts har Georgia, wasu aka kai su Ingila, wasu Faransa. Dubbai sun mutu saboda cuta da yunwa da nutsewar jirage. Su da kansu suna kiran wannan lamari Grand Dérangement, wato babbar ɗaiɗaitawa.

Daga nan sunan ya bi hanyoyi da dama. Waɗanda suka tsere ta daji sun nufi yankin Kebek na Kanada, suka zauna a wurare irin su Saint-Grégoire. Wasu sun ɓuya ko sun komo bayan yaƙin Birtaniya da Faransa ya ƙare, suka sake kafa ƙauyuka a New Brunswick da Nova Scotia, sai dai ba a gonakinsu na dā ba, domin an riga an ba wa baƙi masu jin Turanci. Hanya mafi shahara ita ce ta Luwiziyana, wadda Faransa ta bar wa Sifaniya a 1762. A farkon 1765 Joseph Broussard, wanda ake wa laƙabi da Beausoleil, ya isa New Orleans da mutum kusan 200 bayan sun biyo ta Saint-Domingue, wato Haiti ta yau. Matarsa Agnès Thibodeau jikar Pierre ce, kuma a cikin shugabanni takwas da suka sa hannu a wata yarjejeniyar kiwon shanu a watan Afrilu na wannan shekara, kafin su wuce yankin Attakapas, akwai Olivier Thibodeau.

Akwai wani ɓangare na labarin da ke ba ni tausayi duk lokacin da na tuna shi. Waɗanda aka mayar Faransa an yi ƙoƙarin zaunar da wasunsu a Poitou a 1773, kusa da garin Châtellerault, wato a yankin da kakannin da yawansu suka baro fiye da shekara ɗari kafin nan. Ƙasar ba ta karɓe su ba, su ma ba su karɓe ta ba, mafi yawansu suka tattara suka koma Nantes. A 1785 gwamnatin Sifaniya ta ɗauki nauyin jirage bakwai da suka kwashi kimanin mutum 1,600 zuwa Luwiziyana, da yawansu aka zaunar da su a bakin rafin Lafourche. Da wannan yunƙuri na Poitou ya yi nasara, da wataƙila abokiyarki ta san Thibodeau da yawa a yau. Kalmar Cajun da ake kiran zuriyarsu da ita a Luwiziyana ba wani abu ba ce illa Acadien da baki ya taƙaita.

Ɗan Kallo ya rubuta:

Na ƙaru ƙwarai da bayanin malaman nan biyu. Game da harafin x, ni abin da na taɓa ji shi ne, mutanen da suka isa Luwiziyana yawancinsu ba su iya rubutu ba, saboda haka idan akawu ya rubuta sunan mutum a takarda sai a ce ya yi alamar x a gefe a matsayin sa hannu. Daga baya masu kwafe takardun suka ɗauka alamar tana cikin sunan, sai Thibodeau ya zama Thibodeaux, Boudreau ya zama Boudreaux. Bayanin ya kwanta mini a rai, domin ya dace da halin da mutanen suke ciki a lokacin. Ko Malam yana da ja?

Tsohon Malamin Harshe ya sake amsawa:

Ina da ja, ɗana, ko da yake labarin ya shahara a Luwiziyana kanta, kuma daɗinsa ne ya sa ya shahara. Gaskiya ne da yawansu da alama suke sa hannu. Amma ka tambayi kanka: Landry da Broussard da Hébert da Guidry ba su yi irin wannan alama ba ne? Sun yi, a takardu iri ɗaya, a gaban akawu ɗaya. Me ya sa babu Landryx ko Broussardx? Harafin bai maƙale ba sai a sunayen da ke ƙarewa da sautin o, kamar Boudreaux da Comeaux da Arceneaux da Robichaux da Breaux. Wannan ya nuna cewa al'adar rubutu ce ta jawo shi. A Faransanci kalmar da ta ƙare da -eau jam'inta -eaux ne, x ɗin kuma ba a furta shi, saboda haka hannun duk wanda ya saba rubutun Faransanci yana kawo shi ba tare da tunani ba, kamar yadda yake a sunan birnin Bordeaux. Marubutan wancan zamani suna da 'yancin rufe sautin o da duk abin da suka ga dama, -eau ko -aux ko -ot ko -ault, shi ya sa mutum ɗaya za a same shi Boudrot a takardar baftismarsa, Boudreau a ta aurensa.

Bambancin da ke tsakanin ƙasashen shi ne lokacin da rubutun ya daskare da kuma hannun da ya daskarar da shi. A Faransa dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta wa limaman coci ajiye rajistar baftisma, dokar 1794 ta hana ɗan ƙasa amfani da wani suna ban da wanda ke takardar haihuwarsa, sannan littafin iyali da aka fara bayarwa a shekarun 1870 ya tsayar da rubutun kowane gida. A Luwiziyana kuwa sunan ya ratsa hannun limamai Faransawa, da jami'an Sifaniya masu rubuta abin da kunnensu ya ji, har a kan ga Tibodo kawai, sannan da akawunan Amurka bayan da yankin ya koma hannunta a 1803. A ƙarshe -eaux ya rinjaya a can, -eau ya rinjaya a Kanada. Garin da 'yata ta gani a taswira, hedikwatar gundumar Lafourche, ya ci sunan Henry Schuyler Thibodaux ne, wanda ya riƙe kujerar gwamnan jihar na ɗan lokaci a 1824, kuma haka ake rubuta nasa, babu e.

Ma'aikaciyar Ɗakin Karatu ta amsa:

Ina gaida malamai. Akwai tafiye-tafiye biyu na baya da ba a ambata ba, kuma su ne suka fi kusa da mutanen da 'yar'uwa ta fara tambaya a kansu.

Na farko ya faru a arewa. A 1785 wasu iyalan Akadiya suka haura kogin Saint-Jean suka zauna a Madawaska, a gaɓoɓinsa biyu. Da yarjejeniyar Webster-Ashburton ta 1842 ta mayar da kogin iyaka, sai dangi ɗaya ya wayi gari rabinsa a New Brunswick, rabinsa a jihar Maine ta Amurka, ba tare da kowa ya ɗaga ƙafa ba. Bayan haka, tsakanin 1840 da 1930, kimanin mutum 900,000 masu jin Faransanci suka baro Kanada zuwa masaƙun New England, wato arewa maso gabashin Amurka, a garuruwa irin su Lewiston da Manchester da Lowell da Fall River da Woonsocket. Wannan ne ya sa Thibodeau marar x ya zama sananne a arewa maso gabashin Amurka, kuma shi mai horar da 'yan wasan da aka ambata a jihar Connecticut aka haife shi a 1958. A bakin masu jin Turanci har furucin ya sauya, domin da yawa suna furta th ɗin farko irin na Turanci, alhali a Faransanci t ne zalla.

Na biyu ya faru a kudu. Bayan an haƙo mai a Spindletop a 1901, matatun mai da wuraren ƙera jiragen ruwa na Beaumont da Port Arthur suka ja mutanen kudancin Luwiziyana zuwa Texas, daga baya kuma, musamman a shekarun yaƙin duniya na biyu, wasu suka wuce har Kalifoniya. Ta wannan hanya ce mai x ya bazu zuwa yamma. A Luwiziyana kanta sunan ya yi yawan da har ya shiga barkwanci, inda ake ba da labaran wasu abokai biyu, Boudreaux da Thibodeaux, ko da yake harshen da ya haifi sunan ya ja baya sosai tun bayan da tsarin mulkin jihar na 1921 ya mayar da Turanci harshen koyarwa a makarantu.

Sai dai ina so in ja hankalin 'yar'uwa game da tambayarta ta uku. Suna ɗaya ne, wannan babu shakka, kuma mafi yawan masu shi a Arewacin Amurka suna komawa ga mai injin niƙan Prée-Ronde. Amma ba kowa ba. A Luwiziyana akwai baƙaƙen fata da yawa masu wannan suna, kuma hanyoyin da ya bi ya same su daban-daban ne: wasu ta haihuwa tsakanin jinsunan biyu, wasu kuma kakanninsu bayi ne da suka ɗauki sunan gidan da ya mallake su lokacin da aka soke bauta a 1865. Haka nan Bafaranshe mai suna Thibaudeau a Vendée ba lallai ne ya haɗa jini da Pierre ba, tunda duk ƙauyen da aka taɓa yin wani Thibaud mai ɗa zai iya haifar da sunan da kansa. Wanda yake son tabbatar da dangantaka sai ya bi rajistar coci da ƙidayoyin Akadiya na 1671 da 1686 da waɗanda suka biyo baya, uba bayan uba, kuma ya nemi sunan da kowane irin rubutu, domin idan ya tsaya a kan guda ɗaya zai ɓatar da sawu tun a kaka na uku. Ta ɓangaren Faransa kuma, hukumar ƙididdiga ta INSEE tana da jerin sunayen iyali bisa haihuwar da aka yi a kowace gunduma daga 1891 zuwa 2000, kuma a nan ne za ki iya gwada Thibodeau da Thibaudeau ki ga yadda na biyun ya taru a yamma.

Ɗalibar Faransanci ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na aika wa abokiyar tawa rubutun Thibaudeau kamar yadda Malam ya nuna, sai ga amsarta cewa wannan kam ta san shi, har ta yi aji ɗaya da wata mai shi a makarantar sakandare, kuma iyayen yarinyar daga wajen Vendée suka fito. Yanzu kuma ita ce take tambayata labarin Chipoudy, domin ta ce ba ta taɓa jin sunan wurin ba.